Wa Ke Gadin Ƙaramar Ƙasa?

Tsohon Soja:
Salamu alaikum. Ga baiti na jefa, mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ya".

Zomo ba bawan giwa ba ne, in ji magabata,
Dawa suka tara, haka muka jiya.
To Kuwaiti fa, a 1990,
Da Saddam ya auka mata da runduna gaba ɗaya?
Kwana biyu kacal ta faɗa hannunsa,
Sai da Amurka ta zo da taron dangin duniya.
Ni dai na ce ƙarami ya nemi babba,
Wanda ba shi da ubangida ba shi da kariya.

Gimbiyar Baiti:
Baba, a gafarce ni, zan ɗan ja da kai.

Tambayi Armeniya ta ba ka labari,
Ta riƙe Rasha ƙam, ta miƙa wuya.
Da Azarbaijan ta karɓe Karabak, yankin da Armeniyawa ke zaune,
A 2023, Mosko ta juya baya.
Mutum sama da 100,000 suka bar gidajensu,
Sojan Rasha na tsaye a gefen hanya.
Ubangidan da yaƙin Yukren ya sha wa kai,
Ina ya ga sukunin cika alkawarin jiya?

Malam Na-Alƙalami:
A 2017 aka toshe wa Katar ƙofofi,
Masar, Bahrain, Daular Larabawa da Saudiyya.
Sansanin Amurka na Al-Udeid na cikinta,
Ta kuma yi maraba da sojan Turkiyya.
Jiragenta suka ratsa samaniyar Iran,
Gas ɗinta na ta kwarara zuwa Asiya.
Jibuti ma hayar sansanin soja take ba kowa,
Amurka, Sin, Faransa, Japan, Italiya.
'Yata, Alhaji, ubangida ba laifi ba ne,
Laifin dai a ce shi kaɗai ne, guda ɗaya.

Tsohon Soja:
Malam, Katar da kuɗi take magana,
Wanda ba shi da gas da me zai saya?

Gimbiyar Baiti:
Kuma a 2025 Isra'ila ta kai hari Doha, babban birnin Katar,
Sansanin na nan, bai hana ba ko kaɗan, Malam.
(Amsa-amon ya kuɓuce mini, haushi ne ya jawo.)

Ɗan Auta:
Iyayena, duk bindiga kuke ta lissafi,
Ni ga tawa 'yar tambaya.
Istoniya a 2007 ta intanet aka far mata,
Bankuna da ma'aikatu suka tsaya.
Tuvalu kuwa, 'yar ƙasar tsibirai, teku ke cin ƙasarta,
Wace igwa za a harba wa ambaliya?
A 2023 ta sa hannu a yarjejeniya:
Mutum 280 duk shekara su koma Ostireliya.

Tsohon Soja:
Yauwa yaro, ka ga ta nemi babba!

Gimbiyar Baiti:
Ta nema, Baba, amma karanta sharaɗin,
Ba kyauta aka ba ta ba, sai da ta biya:
Duk ƙawancen tsaron da za ta ƙulla da wani,
Sai ta fara jin ta bakin Ostireliya.