Muhawara: shin matsin aiki ne ke jawo ciwon damuwa?

Sadiya: Jama'a, ni dai na tsaya a kan cewa matsin wurin aiki na jefa mutum cikin ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 ana asarar ranakun aiki kusan biliyan 12 duk shekara saboda damuwa da fargaba.

Malam Garba: Ƙanwata, wannan adadin ya nuna ciwon na hana aiki ne, bai nuna aikin ne ya kawo shi ba. Marasa aikin yi fa? Ai sun fi masu aiki faɗawa wannan halin. Kuma wanda ciwon ya riga ya kama, ko ƙaramin aiki dutse ne a kansa, sai ya ɗora wa ofis laifi.

Sadiya: Wato ma'aikaci ya gode Allah ya ja bakinsa kenan?

Malam Garba: Kada ki sa min magana a baki.

Hauwa: Malam, tambayarka tana kan hanya, shi ya sa masu bincike ke bin mutane shekara da shekaru don a ga wanne ya riga wanne. Binciken Whitehall na biyu ya fara a 1985 da ma'aikatan gwamnati sama da dubu 10 a Landan. Waɗanda aiki ya yi wa yawa, kuma ba su da goyon bayan na sama, sun fi samun matsalar ƙwaƙwalwa daga baya. Tun 1979 wani mai bincike, Robert Karasek, ya nuna inda gizo ke saƙar: a lafta maka aiki, sannan a hana ka ta cewa. Ga mai gida na aiko saƙo ƙarfe sha ɗayan dare, da safe ka tarar an canja jadawali ba wanda ya shawarce ka. Barci ne ke fara gudu.

Malam Garba: Amma mutum goma na ofis ɗaya, biyu ne ke kwantawa. Gado da halin gida ba su da hannu?

Hauwa: Suna da shi sosai. Matsin yana ƙara haɗari ne, ba hukunci ba ne a kan kowa.

Isa: To ya za a raba gajiya da ciwon?

Hauwa: Gajiya hutu na sauke ta. In an kai mako biyu zuciya a cunkushe, abin da kake so ya fita ranka, har ranar hutu ba sauƙi, a ga likita.

Sadiya: Malam, ka sauko?

Malam Garba: Rabi. Batun marasa aikin yi har yanzu ba wanda ya amsa min.