Harsashina kullum ƙasa ta hagu yake sauka, a taimaka da shawara

Baban Ilham (Houston): Slm 'yan uwa. Ina zuwa filin harbi da fistol ɗina Glock 19, saiti na daidai yake wlh, amma in na ɗauko takardar sai in ga duk ramukan sun taru ƙasa ta hagu. Harsashi kuma ga tsada. Malamin filin ya ce in riƙa gwajin harbi ba harsashi a gida, to ta ina ake farawa?

Abu Zarah: Wslm. Da hannun dama kake harbi ko?

Baban Ilham (Houston): Eh da dama.

Abu Zarah: To ba bindigar ba ce, kai ne. Kusan duk na-dama da ke fizgar kunama can yake zubawa, bahago kuma ƙasa ta dama. Jikinka ya san ƙara na zuwa sai ka zabura ka danna bakin ƙasa tun harsashin bai fita ba, sauran yatsun ma su matse tare da manuniya.

Kawu Soja: Kafin kowa ya ba shi dabara ku tsaya. Ɗana, cire magazin (gidan harsashi), ja silaid (murfin saman bindigar mai zamewa) baya ka kulle, ka leƙa ciki da ido ka kuma sa yatsa ka taɓa. Harsashi duka a kai wani ɗakin daban, ba aljihu ba, ba kan tebur ba. Ka zaɓi bangon da ko tsautsayi ya faru babu mutum a bayansa, kuma ka san gidajen Amurka bangon ciki allo ne kawai, harsashi ratsa shi yake ya wuce ɗakin yara ko na maƙwabci. In waya ta yi ƙara ko madam ta kira ka ka tashi, in ka dawo sake duba bindigar daga farko. In ka gama ka faɗa da bakinka na gama, ka kulle ta. Yawancin harbin kuskuren da ake ji a nan yake faruwa, mutum ya mayar da harsashi sannan ya ce bari in ƙara ɗaya.

Baban Ilham (Houston): Na ji Kawu, Allah ya ƙara girma.

Abu Zarah: Yauwa. Fara da na bango. Ka tsaya gaban farin bango wanda babu komai a kai, bakin bindigar ya kusa taɓa shi amma kar ya taɓa. Babu abin da kake nufi, idonka na kan saitin gaba kawai, sai ka ja kunamar a hankali kai tsaye zuwa baya har ta yi ƙas. In saitin ya motsa za ka gani ƙarara tunda babu ƙara babu shurin da zai ɓoye maka. Aikin kenan gaba ɗaya, manuniya ta yi tafiyarta ita kaɗai sauran hannun yana nan daram.

Injiniya: Ni dai na kwabo na fi so. Ka ɗora kwabo ko kwanson harsashi da aka riga aka harba a kan saitin gaba, ka ja, in ya faɗi ka fizga.

Abu Zarah: Injiniya na kwabon nan yana da kyau a makon farko amma yana koya wa mutum lallaɓa kunama da yawa, da riƙon sakaka don kar kwabon ya faɗi, ka je fili bindiga ta yi shuri riƙon ya watse. Riƙe ta da ƙarfin da za ka riƙe ta a fili, musamman hannun hagu, shi ne mai aikin matsewa.

Injiniya: Gsky ne wannan. Amma ya sayi MantisX in da hali, ɗan na'ura ne ake maƙalawa ƙarƙashin bakin bindiga ya haɗu da waya, kowane ja zai ba ka maki cikin 100 ya kuma zana maka inda bakin ya karkata kafin ƙas ɗin. Akwai kuma harsashin leza da ake sawa ciki, yana haska ɗigo a bango.

Kawu Soja: Ku yaran nan da kayan waya. Lezar nan tana sa mutum ya bar kallon saiti ya koma neman jan ɗigo a bango. Ya fara da idonsa tukuna, in ya kai inda idon ba ya kama kuskuren sai ya kashe kuɗi.

Maman Affan: Tambaya don Allah, ba ya lalata bindigar? Tawa mai cin ƙaramin harsashin .22 ce.

Abu Zarah: Hajiya taki kam a yi hattara. .22 a gefen kwanso allurar da ke tayar da harsashi take duka, in babu komai ciki tana iya dukan ƙarfen bakin ɗakin harsashi ta yi masa tabo ko ita ta karye. Ki duba littafin da ya zo da ita, wasu kamfanonin sun yarda wasu sun hana, in ba haka ba ki sayi harsashin roba na gwaji. Irin 9mm na zamani yawanci ba matsala, duk da haka harsashin gwaji na A-Zoom ba tsada. Bindigar iska mai sifirin ita kam kar a harba ta wofi sam.

Injiniya: Baban Ilham ka tuna Glock sai ka ɗan ja silaid bayan kowane ƙas kafin kunamar ta dawo. To yi amfani da wannan, ka riƙe kunamar a baya, ka ja silaid, sannan ka sassauta yatsa a hankali har ka ji ɗan ƙit, nan ne inda take sake kamawa. Nauyin kunamarta wajen kilo 2.5 ne, bindigar kanta ba ta kai kilo ɗaya ba in babu harsashi, shi ya sa ƙaramin kuskuren yatsa ke juya ta.

Maman Affan: Kun tuna Baturken nan Yusuf Dikeç a Olamfik na Faris 2024, hannu ɗaya a aljihu ya ci azurfa 😂

Abu Zarah: Ai su kunamar bindigar iskarsu giram 500 ce mafi ƙaranci a doka, daga mita 10, zoben maki goma kuma faɗinsa milimita 11.5. Bindigoginsu har da maɓalli na musamman na gwajin wofi, abin ya zama abincinsu na kullum.

Ɗan Fagge: Mu na gida sai kallo, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin jerin haramtattu, sai jami'an tsaro ko wanda Shugaban Ƙasa ya ba lasisi.

Baban Ilham (Houston): Minti nawa zan riƙa yi a rana?

Kawu Soja: 10 zuwa 15 ya isa, kullum ko kusa da haka. Da ka ji hannu ya gaji ko hankali ya tafi wani wuri ka ajiye, don daga nan kuskure kake haddacewa. Ranar Asabar in mun haɗu a fili ka ba ni magazin ɗinka in cusa harsashin roba biyu ko uku a tsakiya ba tare da ka san inda suke ba, in ka zo kansu za mu ga ko bakin yana dukawa.

Baban Ilham (Houston): To Kawu, ƙarfe nawa?

Kawu Soja: Goma na safe. Ka taho da abin toshe kunne da tabarau.