Neman shawara: wane batir ne ke riƙe caji idan mota ta daɗe a ajiye?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Corolla 2010 da nake bari a gida Kano in tafi wurin aiki, sai bayan mako biyar ko shida nake dawowa. Duk dawowa sai an yi mini jam kafin ta tashi. Batirin 62Ah ne (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), bai kai shekara ba. In sayi 75Ah ne, ko akwai wani iri da ya fi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin ka kashe kuɗi a fara duba ko wani abu na shan wuta bayan an kashe mota. Rewaya ya cire kan batir na nagatif, ya juya mitar gwajin wuta zuwa 10A, ya haɗa ta tsakanin kan batirin da wayar. A rufe ƙofofi, a jira kamar minti talatin kwamfutar motar ta kwanta, kuma kada a kuskura a murza makulli, fis ɗin mitar zai ƙone. Idan adadin wutar da mitar ta nuna ya haura 50mA akwai matsala. Lissafa da kanka: 50mA kusan 1.2Ah ne a yini, cikin kwana 25 rabin batirinka ya tafi. Sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har adadin ya sauko. Galibi na'urar bin sawun mota ce, ko rediyon Android da aka jona kai tsaye, ko fitilar but da ba ta mutuwa. In an zare fis duka bai sauko ba, a duba dayod ɗin altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan injin na aiki.

Amsa ta biyu:
Gaskiya ne. Game da batirin kuwa, nemi rufaffe mai kalsiyam, wanda ba a ƙara masa ruwa. Ya fi mai murafu jinkirin zubar da caji. AGM, wani irin rufaffen batir ne shi ma, ya fi shi, sai dai tsada, kuma ba ya son zafin ƙarƙashin bonet. 75Ah zai ƙara maka 'yan kwanaki ne kawai, in ma ya shiga mazauninsa. Abin da mutane ba sa kula da shi shi ne ranar ƙira. Wanda ya haura wata shida a shago ka bar musu. A gwada a gabanka: 12.6V cikakke ne, 12.4V ya fara sauka, 12.2V rabi ne. Ɗan kwatano kuwa kada ma ka taya.

Amsa ta uku:
Naka na yanzu wataƙila ya riga ya raunana. Batirin da ya zauna babu caji, wani farin gishiri ke daskarewa a farantansa, ba ya komawa yadda yake. Zafin Maris da Afrilu ma na hanzarta saukarsa, don haka a inuwa za a ajiye motar.

Ranar tafiya ka ɗauki sifana lamba 10 ka cire nagatif, ka goge ƙurar saman batirin. Agogo da tashoshin rediyo ne za su goge. In kana son na'urar bin sawun ta ci gaba da aiki, maimakon cire nagatif sa ƙaramin faranti na sola mai wat 10 tare da kwantirola, farantin a rana. Yaro ya riƙa tayar da ita minti biyar kullum, wannan ba caji ba ne. Sai an yi tafiyar aƙalla rabin awa, altaneta na ba da 13.8 zuwa 14.5V.