Kyamara ta fi araha a Amurka, ko in sa a sayo min daga can?

Mai Hoton Biki, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar hoto. Shawara nake nema. Aikina ɗaukar hoton biki ne, daga kamu har walima, wani lokaci da taron suna. Canon 6D nake riƙe da ita tun da daɗewa, ta yi min hidima, amma yanzu ta gaji. Idan aka shiga ɗakin taro da dare, aka rage fitila amarya za ta shigo, sai ta tsaya lalube kafin ta kama fuska, kafin nan lokacin ya wuce. Shi ya sa na sa rai a kan Canon R6 Mark II.

Da ta fito a ƙarshen 2022, dala 2,499 aka sa mata a Amurka. Na duba shafin shagon kyamara na B&H na New York, na lissafa da farashin 'yan canji, sannan na kira wani shago a kasuwar Computer Village ta Ikeja, Legas. Ratar da ke tsakani za ta saya min lensi mai kyau. Ɗan yayata yana karatu a Amurka, zai zo hutu ƙarshen shekara. Tambayata biyu ce: me ya sa abu ɗaya daga masana'anta ɗaya yake tsada haka a wajenmu? Kuma in na tura wa yaron kuɗi ya taho min da ita, ina matsalar take? Kuɗin nan guminsa na sha, ba na so in jefa shi a rijiya.

Alhaji na Beirut Road, Kano:
Wa alaikumus salam Malam. Ni kayan lantarki nake shigowa da su, kyamara ba ta cikin manyan kayana, amma hanyar ɗaya ce.

Farashin da ka gani a shafin Amurka ba shi ne abin da mai saye ke biya ba. Su ba sa haɗa harajin saye a jikin farashi, sai wajen biya ake ɗora shi, kuma kowace jiha da nata. A birnin New York ya kusa kashi 9 cikin ɗari. Akwai jihohin da ba sa karɓa, irin su Delaware da Oregon, shi ya sa masu dakon kaya suke buɗe sito a Delaware. To ka fara tambayar yaron wace jiha yake.

Mu kuma a nan, kafin kwali ya hau kanta sai an biya kuɗin jirgi da inshora. Kwastan ba a kan kuɗin kayan kaɗai suke lissafa kuɗin fito ba, suna haɗawa da dakon da inshorar, kuma da farashin dala ake lissafin. Bayan haka a ɗora harajin VAT kashi 7.5, ga na ejan mai fitar da kaya, ga hayar shago, ga man janareta.

Amma babban abin shi ne naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a hukumance. Da aka sake ta, farkon 2024 ta haura 1,500. Ɗan kasuwar da ya sayar da kaya kan tsohon farashi a wancan lokacin, da ya koma saro sabo sai ya tarar kuɗin kyamara uku ba ya sayen biyu. Na san mutanen da jarinsu ya karye ta haka, suna ganin riba a takarda alhali shago yana ƙarewa. Tun daga nan kowa yake sa farashi da tunanin nawa zai sayo wata gobe. Ka ƙara da cewa kyamarar miliyoyi tana iya yin watanni a kanta kafin mai saye ya zo, kuma jarin yana kwance. Akwai masu zarin riba a cikinmu, ban musa ba, amma ko mai tsoron Allah ba zai iya ba ka farashin New York a Legas ba.

Maman Hanan Studio, Kaduna:
Malam, abin da Alhaji ya faɗa gaskiya ne, sai dai ni na sayo daga waje kuma zan sake saye, amma ba kowane abu ba.

Abin da ya kamata ya tsaya maka a rai shi ne garanti. Yawancin kamfanonin kyamara garantinsu na yanki ne. Takardar da ke cikin kwalin Amurka a Amurka take aiki. Wata kyamara da aka kawo min ta fara nuna wani siririn layi ja a gefen hagu na kowane hoto, tana sabuwa. A farin leshi ba ya fitowa sosai, amma a kan baƙar shadda kamar an ja shi da biro. Na kai ta wajen wakilan kamfanin a nan, suka duba lambar jikinta suka ce ba tasu ba ce, in ina son gyara sai in biya. Sai da na jira mai tafiya ya mayar da ita, ina hayar ta wani ina aiki a tsakiyar lokacin bukukuwa. Abin da na rage a saye, haya ta cinye rabinsa.

Shi ya sa yanzu lensi nake sayowa daga waje, don shi ba kasafai yake ba da matsala ba in ya iso lafiya. Jikin kyamara kuwa, wanda shi ne abincina, na fi so in saya inda zan iya komawa in tsaya a gaban mai shago. Ko a nan ɗin ma ka tambaya da kyau, don shaguna da yawa su ma ta bayan wakili suke shigo da kaya, garantin da za su ba ka na bakin mai shago ne kawai. Ka sa ya rubuta a rasit.

Idan dai ka yanke sai ta Amurka, ka ja kunnen yaron: batir a jakar hannu yake tafiya, ba a sa shi cikin akwatin da za a auna. Cajar kyamara tana karɓar wuta mai ƙarfin volt 100 zuwa 240, ba damuwa, amma kada ya haɗo maka da fitilar studiyo mai jona wuta sai ya karanta jikinta, wasu 110 kawai suke ɗauka, wutarmu za ta ƙona su nan take. In za ka yi bidiyo kuma, ka mayar da kyamarar tsarin PAL, wato tsarin bidiyon da ya dace da wutarmu, in ba haka ba fitilun ɗakin taro za su riƙa ƙyaftawa a cikin hoton.

Ɗan Damagaram:
Mu a nan Nijar lamarin ya ɗan bambanta. Sefa a ɗaure take da yuro, ba ta tsalle irin na naira, amma VAT ɗinmu kashi 19 ne kuma masu sayar da irin wannan kaya kaɗan ne ko a Yamai. Lokacin da naira ta faɗi, mu Kano ce ta zame mana waje, can muke zuwa saye.

Baban Yusra, Manchester:
Ƙarin bayani kaɗan ga masu tunanin Ingila: farashin nan da VAT kashi 20 a cikinsa, kuma tun Janairun 2021 aka daina mayar wa baƙi wannan kuɗi a filin jirgi. Saboda haka nan ba wurin araha ba ne. Dubai kashi 5 ne, kuma baƙo yana iya karɓar mafi yawansa idan zai fita, matuƙar shagon yana cikin tsarin. Japan ma tana da sauƙi, sai dai kyamarorin Sony da ake sayarwa don cikin gida da Japananci kawai suke magana.

Malam, ka duba na hannu a shafukan sayar da kyamarori na MPB ko KEH. Suna bayyana yanayin kowace kyamara, kuma suna ba da garantin wasu watanni. Ka nemi sanin adadin hotunan da ta taɓa ɗauka kafin ka biya.

Sai maganar yaron. Kada a ce masa ya yar da kwali ya rataya ta a wuya kamar tasa don a kauce wa kwastan. Ɗalibi ne, bai kamata a sa shi ƙarya a filin jirgi ba. Ya riƙe rasit, in an tambaye shi ya faɗi gaskiya, kai kuma ka ware kuɗin fito a lissafinka tun yanzu. Ku kuma yi magana a fili: in ta ɓata a hanya, asararka ce, don kada zumunci ya lalace a kan kyamara.

Mai Hoton Biki, Zariya:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na tambayi yaron, a Texas yake, kuma can akwai haraji. Da na sa shi a lissafi tare da kuɗin fito, ratar ta ragu ƙwarai. Ina ganin zan bi shawarar Hajiya Maman Hanan: ya taho min da lensi 50mm da batir biyu, jikin kuma in sauka Legas in gani da idona. Hajiya, in zan tsaya a gaban mai shago, ta yaya zan gane wanda kayansa ya biyo ta hannun wakili na gaskiya? Lambar jikin kyamarar zan duba, ko akwai wata takarda da zan ce ya nuna min?