Filin kwanan motoci a unguwar Maamobi, Accra ta Ghana: ina zan kai ruwan sama?

Ɗan Maamobi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da filin gado, ƙafa 70 a 100, za mu mai da shi wurin kwanan motoci. Da na je neman takardar izini sai aka ce in kawo zanen inda ruwan sama zai bi. Filin ya gangara ne wajen gidan maƙwabci, gotar bakin titi kuma ta fi shi tudu. In zuba kankare ko in shimfiɗa bulo? Damina ta kusa.

Mai Trotro: Nawa ne kwana ɗaya? Ka riƙe mini wurin mota biyu.

Hajiya Mai Waakye: Ɗana, ka ji tsoron Allah kan maƙwabcin nan. Haka na bayanmu ya cike filinsa da jar ƙasa, ya malale da siminti don wankin mota. Ruwan farko na watan Yuni, ƙarfe biyun dare, muka farka katifa tana iyo. Buhun shinkafa uku da na wake duk suka jiƙe, firji ya ƙone. Muka kai ƙara wajen liman, ya ce zai gyara. Shekara huɗu ke nan, da an yi hadari ba na barci.

Tsohon Birkila: Kankare kawai. Na yi wa wani irinsa da ƙaramar gota a sidi 25,000.

Baban Yara: Kawu, a wace shekara? Bara gota kaɗai ta ci mini 40,000, ban da murfi.

Ɗalibin Injiniya: Filin nan kusan murabba'in mita 650 ne. In aka yi ruwan milimita 50, sama da lita 32,000 ke nan, tankin lita 10,000 uku da ɗori. Kankare ba ya shan komai. Bulo a kan tsakuwa zai sha wani abu, amma ka fara haƙa rami ka cika da ruwa ka ga ko ƙasar tana tsotsewa. In laka ce, ramin tsotse ruwa asarar kuɗi ne. Kuma ka sa ɗan akwatin tare yashi da baƙin mai kafin ruwan ya shiga gota.

Tsohon Birkila: Yaro, tun ba a haife ka ba nake riƙe da cokalin gini.

Mai Trotro: To shi ya sa Accra ke nutsewa tun ba a haife shi ba.

Hajiya Mai Waakye: Ku yi ta dariya. Ni har takardun makarantar jikata ruwa ya ci.

Baban Yara: Ko ka kai ruwan gota, ina za shi? Babbar gotar unguwar Nima a kogin Odaw take zubawa, Odaw kuma ta bi tafkin Korle zuwa teku. In ta cika, baya ruwa yake dawowa. Mun manta ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a Sakul, shataletalen Kwame Nkrumah? Sama da mutum 150 suka mutu.

Yar Nima: Mu ne muke cika ta ai. Da an fara yayyafi sai kowa ya fito da bolarsa ya juye, wai kar ya biya mai aboboya, babur mai ƙafa uku da ke kwasar bola.

Mai Trotro: Shi mai aboboyan da kika biya, kin bi shi kin ga inda yake juyewa?

Ɗan Maamobi: Jama'a, kankare ko bulo?

Yar Nima: A layinmu sati uku ke nan ba wanda ya zo kwasar bola.