Makbet: matarsa ce ta kai shi ta baro ko halinsa ne?

Auta: Ni fa na gama karanta wasan kwaikwayon Makbet na Shekisfiya jiya, kuma ina nan kan bakana, bawan Allan nan ba shi da laifi. Mayu uku sun tare shi sun ce zai zama sarkin Sikotlan, ya koma gida matarsa ta sa shi gaba da gori wai shi ba namiji ba ne, to ya zai yi?

Anti: Haba Auta, kullum dai mace ce. Mayun cewa suka yi zai yi sarauta, ina suka ce ya kashe Sarki Dankan? Kuma ai abokinsa Banko yana tsaye a wajen, shi ma an ce masa jikokinsa za su hau karaga, wa ya kashe?

Auta: Amma Anti ai ya fasa, da bakinsa ya ce a bar maganar, ita ta dawo da shi.

Malam: Ya fasa kam, amma ku duba tun kafin ya isa gida, Dankan na naɗa ɗansa Malkom magaji Makbet ya fara saƙe-saƙe a ransa. Ita fetur kawai ta zuba, wutar da ma tana ci. Abin da Aristotal, masanin nan na tsohuwar Girka, yake nufi kenan game da irin wannan wasa, babban mutum mai daraja da kuskuren kansa ke kayarwa, shi ya sa kake tausayinsa kana kuma jin tsoro.

Anti: Yauwa Malam. Kuma ni inda nake kama shi, kisan Banko ko shawara bai yi da ita ba, ɓoye mata ma ya yi. Matar basarake Makdaf da yaranta da ya sa aka kashe fa, wa ya zuga shi? Matar Makbet kuwa ko wuƙar ta kasa ɗagawa saboda Dankan ya yi mata kama da babanta yana barci, ƙarshe ga ta nan tana yawo cikin barci da fitila tana ta murza hannu wai jini ya ƙi fita, likita na kallo ya rasa ta cewa.

Kawu: Ku dai kun manta wajen 1606 aka rubuta wasan, zamanin Sarki Jemis na Ingila da Sikotlan da ake cewa jinin Banko ne, dole a wanke Banko tas. Makbet na tarihi ma shekara 17 ya yi yana mulki, 1040 zuwa 1057, kuma a fagen yaƙi Dankan ya mutu.

Auta: To Kawu kenan ma sharri aka yi masa!

Anti: Na wasan muke magana, kar ka zille.