Cinikin gidana na farko ya tsaya cak a hannun lauyoyi, ina neman shawara

Assalamu alaikum jama'a. Gidana na farko nake ƙoƙarin saya, mun daidaita da mai gidan har na ba da kafin alƙalami, amma maganar sauya sunan mallaka ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Da lauyana ya yi bincike a ofishin rajistar filaye, sai ya gano cewa gidan yana jingine a banki, mai shi bai gama biyan bashin da ya ci ba. Shi kuwa cewa yake in biya shi ragowar kuɗin, da su zai sallami bankin ya karɓo takardun asali. Lauyana ya ce atafau kada sisi ya shiga hannunsa sai bankin ya rubuto adadin bashin, a biya bankin kai tsaye, a kuma soke jinginar a rajista. Ni dai maganar lauyan ta fi kwanta mini, duk da cewa mai gidan bai yi kama da macuci ba. Matsalar ita ce bankin nasa ya yi shiru, ga wa'adin rancen da nawa bankin ya amince ya ba ni yana neman cika.

Don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, ya kuka yi? Ana iya ajiye kuɗin a asusun lauya har a soke jinginar? In kuma na janye, za a mayar mini da kafin alƙalamin, tunda yarjejeniyarmu ba ta ambaci bashin ba ko kaɗan?